Karatu a Japan ya ishe ni, ko in tattara in dawo gida?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 29, aikin gona na karanta. Allah ya ba ni tallafin karatu na gwamnatin Japan, na iso wata jami'ar gwamnati da ke arewacin ƙasar a watan Oktoba a matsayin ɗalibin bincike. Sai Agusta zan zauna jarrabawar shiga digiri na biyu, kuma a kan shinkafa nake son yin bincikena. Wata na huɗu ke nan, amma duk abin ya fita raina. Farfesan da ke kula da ni, wanda muke kira sensei, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Taronmu na mako-mako da Japananci ake yin sa, kuma ranar Juma'a da rana, don haka ina yawan rasa Juma'a. Liyafarsu ta giya ce, ba na zuwa, ina ganin shi ya sa suka ware ni. A gida kuwa kowa ya juya yen 143,000 da ake ba ni a wata zuwa naira, kullum sai an bugo da buƙata. Wani ya samo min aikin dare a kamfanin haɗa abinci, ya ce ba wanda ke ƙirga awoyi. Matata na gida, tana ta tambayar ranar da za ta zo. Barci ma ya gagare ni. In karɓi aikin, ko in haƙura in dawo?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka karɓi aikin nan a yadda aka kawo maka shi. Kuma kada ka yanke hukuncin dawowa a cikin watan Janairu.

Ka sauka ne a lokacin da ya fi kowane tsanani ga baƙo a shekarar Japan. Inda kake, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kowa ya kulle kansa a ɗaki. Mutumin da ya tashi a Zariya, inda ko cikin hunturu sai an fito an sha hantsi ana hira a ƙofar gida, dole jikinsa ya ji wannan canji, ba zuciyarsa kawai ba. Rashin barcin da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka shi ya fi tsaya min a rai. Jami'o'in gwamnati a Japan suna da cibiyar kula da lafiyar ɗalibai, da masu sauraron damuwa kyauta, kuma a wurare da yawa akwai mai jin Turanci. Ka je cikin makon nan. Ba raunin imani ba ne, kuma ba za a kai wa sensei labarin abin da ka faɗa ba. Idan aka tura ka asibiti, inshorar lafiya ta ƙasa da ka yi rajista a ofishin gundumarku za ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari, kai ka biya 30.

Maganar aikin dare ita ce mai hatsari nan kusa. Ɗalibi a Japan ba ya aiki sai ya karɓi izini daga hukumar shige da fice, a buga masa hatimi a bayan katin zamansa. Izinin kuma awa 28 ne a mako, a haɗe duk ayyukan da kake yi, ba kowane aiki da nasa 28 ba. A dogon hutun da jami'a ta ayyana ne kawai ake yarda a kai awa takwas a rana. Wanda ya ce maka ba a ƙirgawa, bai gaya maka inda ake ƙirgawar ba. Doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma duk baƙon da ya ɗauka, albashinka kuma yana shiga takardun haraji na gunduma. Ranar da ka je sabunta izinin zama, ana iya neman takardar nan, a raba kuɗin da awoyi, lissafi ya fito da kansa. Ɗalibai sun rasa izinin zamansu ta wannan hanya. Kai kuwa abin da za ka rasa ya fi na mai biya wa kansa: kuɗin makaranta da aka yafe maka, wanda a mafi yawan jami'o'in gwamnati yen 535,800 ne a shekara ban da 282,000 na shiga, da kuɗin wata, da tikitin komawa gida. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ban hana ka aiki ba. A 2024 matsakaicin mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Japan ya kai yen 1,055, kodayake na arewa ya ɗan yi ƙasa da na Tokiyo. Ko awa goma ka yi a ƙarshen mako, abin da zai shigo a wata zai rage maka nauyi. Amma ka nemi na rana, ka tambayi ofishin ɗaliban ƙetare ko jami'arku na son sensei ya sani tukuna. Wanda ya fi dacewa da kai shi ne na cikin jami'a, taimaka wa malami a aji ko a bincike, domin shi ba ya ma buƙatar izinin nan, kuma yana kusanta ka da mutanen da kake ganin sun ware ka. Aikin dare kuwa, ga mutumin da barci ya riga ya ƙaurace masa kuma jarrabawa na gabansa, ko bisa ƙa'ida ne ba zan ba ka shawararsa ba.

Mutanen gida ba mugunta suke yi ba. Sun ji adadi, ba su ga kasuwar da ake kashe shi ba. A Yulin 2024 sai da dala ɗaya ta haura yen 160, faɗuwar da yen bai yi ba tun 1986, wato kuɗin da ake ba ka ba su cika dala dubu ba. Shinkafar da kake son nazari a kanta, a 2025 ƙaramin buhu mai kilo biyar ya wuce yen 4,000 a kantunan Japan. Ka zauna ka rubuta kuɗin haya, da na wuta, da na kananzir ko gas ɗin ɗumama ɗaki, da inshora, da waya, da abinci, ka tura wa mahaifinka ko babban wanku, mutum ɗaya wanda ake jin maganarsa. Ka yanke abin da za ka iya turawa duk wata, ko kaɗan ne, ka raba shi tsakanin iyayenka da matarka, domin su ne hakkinsu ke wuyanka. Sauran masu bugowa ka ce musu an riga an tsara komai ta hannun wane. Za a yi ƙorafi wata ɗaya ko biyu, daga baya a saba. Abin da ke karya ɗalibai shi ne kunyar faɗin "babu", sai su yi ta turawa su kuma suna kwana da burodi da shayi. Shi ma abincin akwai dabararsa: da daddare manyan kantuna kan manna wa kifi da kayan lambu takardar ragi, wani har rabin kuɗi, kuma kantunan Gyomu Super kan sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal a farashi mai sauƙi.

Yanzu ga sensei, wanda a ganina shi ne gundarin matsalarka, domin zamanka gaba ɗaya a kansa ya rataya. Tallafin nan ba ya tsallakawa zuwa digiri na biyu da kansa. Sai ka ci jarrabawar shiga, ka cike takardar neman ƙarin wa'adi, jami'a ta ba da shaida a kanka, sannan ma'aikatar ilimi ta amince. Shaidar nan kuwa daga bakin sensei take farawa. Don haka ba ka da damar zama kuna kallon juna har Agusta.

Ka fassara shirunsa da ƙiyayya, ni kuma ban ga hujjar hakan a wasiƙarka ba. Shekarar karatu a Japan tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris. Janairu da Fabrairu su ne watannin da masu kammala digiri na ɗaya da na biyu da na uku ke miƙa kundinsu suna kare shi, ga jarrabawar shiga jami'a, ga rufe lissafin kuɗin bincike na shekara. Farfesa a wannan lokaci da ƙyar yake ɗaga kai daga tebur. Ɗaliban da kake gani sun duƙufa a kwamfuta ba sa kula ka, yawancinsu fargabar kundinsu ce ta cika musu ciki. Ga kuma yanayin fagenku: ka iso ne daidai an gama girbi. A arewacin Japan sai Mayu ake dashen shinkafa, a girbe a Satumba zuwa Oktoba. Rayuwar masu binciken shinkafa a fadama take, kai kuwa ba ka ga ko rana ɗaya ta wannan rayuwar ba tukuna.

Akwai kuma bambancin tarbiyya. Mu mun saba malami ya kira ɗalibi ya ba shi aiki, ɗalibi kuma ya jira don ladabi. A can jiran nan ana iya ɗaukarsa rashin himma. Ƙarami ne ake sa ran ya riƙa kai rahoto, ya sanar da abin da yake ciki, ya nemi shawara tun abu bai lalace ba. Mai yiwuwa shi ma sensei yana can yana mamakin ɗalibin da ya taso tun daga Najeriya amma bai taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Sannan da yawa cikin malamansu suna rubuta Turanci da kyau amma suna jin nauyin furta shi, sai su taƙaita magana don gudun kuskure.

Ga abin da nake so ka yi. Ka rubuta masa gajeren imel da Turanci mai sauƙi, ka nemi minti ashirin, ka ba shi ranaku uku ya zaɓa. Kada ka tare shi a hanya da doguwar magana. Ka shiga da takarda shafi ɗaya: abin da ka karanta tun zuwanka, tambayar da kake son bincikenka ya amsa, da abubuwa biyu ko uku da kake neman ra'ayinsa a kai. Ka isa kafin lokaci, ka riƙe biro kana rubuta abin da yake faɗa, domin suna lura da wannan ƙwarai. Kafin ka fita ka roƙi izinin aiko masa da rahoton rabin shafi duk mako, sannan ka cika alkawari ko bai amsa ba. Idan ya dawo maka da takardarka duk ta sha jan biro, ka yi murna, ya karanta ke nan. Kada kuma ka jira yabo. Yawancinsu ba su saba yabon ɗalibi a gabansa ba, kuma idan ya ce abu "zai yi ɗan wuya", a'a yake nufi, ka sake shawara.

A wannan zaman ka tambaye shi yadda jarrabawar take. Sassa da yawa suna ajiye tambayoyin shekarun baya a ofis, ana ba mai nema ya duba. Wasu na neman sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko TOEIC, wanda sai an yi rajistarsa da wuri. Ka kuma tambayi ofishin ɗaliban ƙetare ranar rufe karɓar takardar ƙarin wa'adi, domin takan zo tun kafin jarrabawar kanta. Ka tambaye su har ila yau ko an haɗa ka da ɗalibin da jami'a ke biya don ya taimaka wa sabon baƙo. Jami'o'in gwamnati da yawa suna da wannan tsari, kuma baƙi kan bar shi ya wuce su don ba su san haƙƙinsu ba ne.

Ba na cewa kowane farfesa mutumin kirki ne. Akwai masu zaluntar ɗalibai, Japanawa da kansu sun san haka, shi ya sa jami'o'i suka buɗe ofisoshin karɓar irin wannan koke. Idan ka ga zagi a bainar jama'a, ko hana ka kayan aiki, ko ƙin sa hannu a takardunka ba dalili, ka rubuta rana da abin da ya faru, ka kai can. Amma wanda bai taɓa neman ganawa ba, bai kai ga yanke wa malaminsa wannan hukunci ba.

Juma'a ma a wannan ganawar za ka warware ta, kuma yanzu ne lokacinta, domin a Afrilu ake sake jadawali. Mafi yawan Japanawa ba su san akwai wata sallah ta musamman ranar Juma'a ba. Wanda ya sa taron a wannan lokaci bai yi don kai ba. Ka faɗa masa a sarari: daga ƙarfe kaza zuwa kaza duk Juma'a kana da ibadar da ta wajaba a kanka, kuma ga lokacin da za ka rama aikin. Abin da ba sa so shi ne mutum ya ɓace ba sanarwa. Abin da aka faɗa tun da wuri, da iyakarsa a bayyane, sukan girmama shi. Haka za ka yi kafin azumi da ranakun Sallah, waɗanda ba hutu ba ne a can. Musulunci ba jiya ya isa ƙasar ba: masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye, kuma manyan biranen arewa irin su Sapporo da Sendai suna da masallatansu. A kusan kowace babbar jami'a za ka tarar da ɗalibai 'yan Indonesiya da Malesiya da Bangladesh da Masar sun riga sun san ɗakin da ake sallah da inda ake sayen nama. Ka neme su, ko ba ku haɗa harshe ba.

Liyafar giya kuwa ba zan ce ka je ba. Hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya sananne ne, kuma ka yi daidai da ka tsare addininka. Inda gyara yake shi ne ka janye ba ka kawo madadi ba, su kuma ba su san dalili ba, sai suka ɗauka su ne ba ka so. Ka yi musu bayani sau ɗaya cikin fara'a. Daga nan ka nemi sauran ƙofofin: cin abincin rana tare, sharar ɗakin bincike da ɗalibai ke yi da kansu, wanke kayan gwaji, kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa. Idan Mayu ta zo aka shiga taɓo dashen shinkafa, ka zama na farkon shiga. Bahaushen da ya san fartanya ba zai ji kunya a wurin nan ba, kuma mutanen da kuka yini tare a sunkuye ba za su ƙara yi maka kallon baƙo ba. Ranar Sallah ka dafa dafa-duka ka kai musu, ka rage yaji. Suna da al'adar duk wanda ya yi tafiya ya dawo da ɗan abin taɓawa ya ajiye a teburin kowa da kowa, kai ma ka shiga ciki. Sai dai ka gargaɗi mutanen gida kada a aiko maka da kilishi ko dambun nama: shigar da nama Japan ba takardar hukuma laifi ne babba, tararsa na iya kaiwa yen miliyan uku.

Harshe shi ne abin da zan matsa maka a kai. An ce maka da Turanci za ka yi digiri, kuma gaskiya ne a takarda. Amma hirar ɗakin bincike, da sanarwar da ke zuwa akwatin gidanka, da rubutun bayan kwalin abinci inda za ka gane alamar 豚 ta naman alade, duk da Japananci suke. Rubutunsu ne mai wuya, domin ban da baƙaƙen hiragana da katakana 46-46, akwai alamomin kanji, irin 豚 ɗin nan, guda 2,136 da gwamnati ta ware na amfanin yau da kullum. Furuci kuwa Bahaushe ya fi Bature sa'a: wasula biyar ne kamar namu, suna bambanta dogo da gajere, suna ninka baƙi, kuma hawa da saukar murya na canza ma'ana. Kunnenka ya riga ya horu da waɗannan tun kana goye. Yawancin birane suna da azuzuwan da 'yan sa-kai ke koyarwa kyauta ko a kuɗi kaɗan, galibi dattawa masu ritaya, kuma sau da yawa su ne ke zama iyayen gidan baƙo a gari. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT ana yin ta a Yuli da Disamba. Ka bar ta Yuli saboda ta Agusta, ka sa ta Disamba a gaba. Kafin nan ka roƙi wani ɗalibi ya riƙa turo maka allunan taron mako tun daren jajibiri, ka fassara su a waya, ka shiga da tambaya ɗaya da ka shirya.

Abin da ka je nema yana da kasuwa a gida. Manoman Kano da Kaduna da Jigawa sun san sunan Sasakawa, ƙungiyar Japan mai tallafa wa manoma, tun shekarun 1990, kuma a 2008 hukumar JICA ta Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa na cikin waɗanda suka kafa haɗakar da ta sa burin ninka noman shinkafa a Afirka kudu da Sahara daga tan miliyan 14 zuwa 28 cikin shekara goma. Wanda ya san fadamun Arewa kuma ya iya zama da Japanawa a teburin aiki, ba shi da yawa. Idan ka kai Agusta, ka ga bazara da damina a can, ka gana da malaminka, ka nemi lafiyarka, sannan har yanzu zuciyarka ta ce gida, to ka yi istihara ka dawo, ba abin kunya ba ne.

Matarka kuma ka daina ce mata "kwanan nan". Ka gaya mata gaskiyar tsarin. Doka ta ba ɗalibi damar kawo matarsa da 'ya'yansa da bizar iyali, kuma kai ne za ka nemi takardar cancanta a ofishin shige da fice na yankinku, da takardar aure da shaidar cewa za ka iya riƙe ta. Gwamnati ba ta biyan tikitinta, ba ta kuma ƙara maka kuɗin wata, in ban da yen dubu ɗaya da zai hau kai idan ka shiga digiri na biyu. Ɗakin da kake ciki in na mutum ɗaya ne sai ka sake, kuma kama haya a Japan kan ci kuɗin watanni kafin a ba ka makulli. Saboda haka ka sa mata lokaci bayan fitowar sakamakon jarrabawa, ku fara tara kuɗin tikiti daga yanzu, ita kuma ta yi fasfo, ta tanadi takardar aurenku ta hukuma, ta fara koyon hiragana a waya. In ta zo za ta shiga inshorar lafiya tare da kai, ita ma tana iya neman izinin aikin awa 28, kuma idan Allah ya kawo rabo, tun Afrilun 2023 inshorar na ba da yen 500,000 na haihuwa. Awa takwas ke tsakaninku, ƙarfe tara na darenka ƙarfe ɗaya na ranarta ne. Ku tsayar da wannan lokacin na waya kullum, in kun gama ka kashe wayar ka kwanta.